Falmaran ɗin Nibaldo

Ranar da makaɗan nan Ancla Muerta suka fitar da sabon faifai, mijina Nibaldo ya wanke gashinsa tun da safe, abin da ba ya yi sai za a je biki ko jana'iza. Shekaru sun fi goma 'yan ƙungiyar ba su saki ko waƙa ɗaya ba. Mawaƙinsu Genaro an yi masa aikin gwiwa, mai gangarsu ya buɗe shagon abincin kyanwa a garin Quilpué, har mutane sun fara cewa ƙungiyar ta mutu ne aka manta ba a sanar ba. Sai ga su kwatsam sun dawo, kowannensu ya haura sittin, da sabbin waƙoƙi cike da faifai.

Mu da muka tsufa a kan metal, kiɗan nan mai rugugin jita da ganga, a wannan gefen na birnin Valparaíso, ba wanda yake cewa faifai ya yi daɗi ko bai yi ba sai teburin Asabar ya zauna. Teburin yana mashayar Don Aliro, a gindin tudunmu, kusa da tashar jiragen ruwa. Da azahar ake zama, don yanzu ba mai iya kai wa dare a cikinsu. Akwai Waldo, direban tasi, wanda sanƙo ya cinye masa kai tas ya bar masa 'yar jela a ƙeya, yana kuma lallaɓa ta kamar jariri. Akwai Osmán, malamin lissafi da ya yi ritaya, wanda ko gaisuwa ka yi masa sai ya gyara maka. Sai Nibaldo, makanikin injinan ɗaga kaya na tasha, shi ne alƙali. Ba wanda ya naɗa shi, muryarsa ce ta fi ta kowa ƙarfi. Ni kuma, Maritza, ina zama a ƙarshen tebur ina cin dankalin da suka shagala da gardama suka bari.

Kowannenmu yana da falmaran na jins cike da ƙananan faci masu sunayen ƙungiyoyi. Na gaba da na gefe ado ne, kana iya sauya su yadda ka ga dama. Amma babban facin baya guda ɗaya ne, kuma ƙungiyar da ke kansa da ita za a binne ka. In ta ci amana ta fitar da abin kunya, mai falmaran zai tsaya gaban tebur ya farke ɗinkin da reza, Don Aliro ya kafe facin a bango da ƙusa, kansa a ƙasa. Bangon maciya amana muke ce masa, kuma abin da aka kafe a can ba ya saukowa.

Facin bayan Nibaldo na Ancla Muerta ne, kuma ni na yi shi. Lokacin muna 'yan shekara ashirin ba a sayar da nasu ko'ina, don ba wanda ya san su sai mu 'yan tudun nan. Na yanki guntun baƙin labulen uwata, na zana angar jirgin ruwa da alli don ita ce ma'anar sunansu, na yi ta binta da farin zare har yatsuna suka zama huji-huji. Na miƙa masa a ƙofar wani wasa, ya karɓa ko godiya babu. Amma da shi ya je ɗaurin aurenmu, a kan farar riga, har uwata ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarsa. Ban taɓa rubuta masa wasiƙar soyayya ba, ban iya irin waɗannan abubuwan ba. Abin da na iya ke nan, kuma yana bayansa har yau.

To ranar Asabar aka zauna. Don Aliro ya kawo farantin soyayyen dankali da nama da albasa da ƙwai, ya jera giya, ya ɗora faifan. Teburinsu a manne yake da lasifika. Su a cewarsu wai wurin ya fi iska.

Waƙar farko ta shigo kamar an kifar da motar tukwane, ni kuwa raina ya yi fes. Tsofaffin nan ba su manta hannu ba. Jitar tana yanka, mai gangar yana wasa da farantan ƙarfensa sama-sama, cas-cas-cas, irin yadda yake yi tun muna matasa. Muryar Genaro ta yi kauri, ta dushe kaɗan, amma ta fi dacewa da shi yanzu. Na ɗaga kai don mu haɗa ido da Nibaldo, sai na ga ya murtuke fuska kamar an ba shi shayi ba sukari.

Ba su ce uffan ba har faifan ya ƙare, don ka'ida ce. Yana ƙarewa Waldo ya ture kwalbarsa.

"Mutumina, wannan ai bargo suka lulluɓa wa jitar," in ji shi.

Osmán ya gyara masa, ya ce ba bargo ba ne, katifa ce. Ya ce kuma mai gangar da alama ya sayar da farantansa ya ƙara jarin abincin kyanwa, don shi tun daga farko har ƙarshe bai ji an taɓa ko ɗaya ba. Game da Genaro kuwa duk suka yarda cewa da dankali a baki yake waƙa, ba kalma ɗaya da ke fita. Suka tsine wa masu haɗa sauti na zamani, suka tsine wa kwamfuta, suka ce duk faifan da ya fito a shekarun nan haka yake, duhu ne kawai da gurnani. Don Aliro yana goge kofi yana gyaɗa kai, shi da ma ba ya musu da mai sayen giya.

Na ce ni dai na ji farantan, kuma na ji kalmomin.

"Uwar Auduga ta yi magana," in ji Waldo, suka kwashe da dariya.

Sunan ya samo asali tun da daɗewa. Duk wasan da muka je, su suna gaba, kansu a cikin lasifika, suna kaɗa gashi har wuya ya ƙage. Ni ina baya riƙe da rigunan sanyinsu, na toshe kunnuwana da auduga, don ba na son ƙugin da ke bin mutum gida washegari. Shekara talatin da wani abu suna yi mini dariyar audugar nan. A wurinsu duk wanda ya toshe kunne a wasan metal ba shi da bakin magana.

Nibaldo bai yi dariya ba. Ya miƙe, ya dafa tebur, ya ce a kan Ancla Muerta ya sha duka a hannun 'yan sanda, a kansu ya taɓa rasa aiki, ya kare su lokacin da suka yi faifan nan mai sarewa wanda kowa ya zaga. Amma wannan cin fuska ne.

"Asabar mai zuwa zan cire shi," ya ce, yana nuna bayansa da babban yatsa. "Don Aliro, a tanadi ƙusa."

Na ajiye dankalin da ke hannuna. Ko kallona bai yi ba, kamar a kasuwa ya sayi facin.

Gaskiyar magana na daɗe da sanin kunnen mijina ya yi nauyi, kawai dai ban taɓa haɗa wannan da faifai ba. A gidanmu butar shayi tana fito har ta gaji, yana zaune kusa da ita yana karatun jarida. Mai kawo gas ya daina danna ƙararrawa, sai dai ya yi ta dukan ƙofa da makulli. Talabijin kuwa in Nibaldo na kallon ƙwallo, maƙwabta ba sa kunna nasu. In na yi maganar, sai ya ce ni ce na koyi magana ciki-ciki tun da na tsufa. Zancen zuwa a duba kunne kuwa, sau ɗaya na yi shi, ya ce shi da ya kwana a gindin lasifika tun yana saurayi ba likitan da zai koya masa ji.

Abin da ya sa asirinsa ya daɗe bai tonu ba, ya haddace ni. Ya san da safe zan tambaye shi ko ya sha maganin hawan jini, da yamma zan tambaye shi ko ya sayo burodi, in ya shigo da takalmi zan ce ya cire. Yana ganin bakina ya motsa sai ya ba da amsar da ta dace da lokacin, kuma yawanci yana dacewa.

Ranar Talata da yamma ina yanka burodin shayi, yana tsaye bakin taga yana kallon jiragen da ke tasha, ya tambaye ni ko akwai sabuwar reza a gidan. Ya ce ɗinkina ya yi masifar ƙarfi, ya duba ko'ina bai ga inda zai soma ba. Na ajiye wuƙar. Ni ba mai yawan faɗin abin da ke raina ba ce, amma ranar na faɗa. Na ce masa facin nan ba na Genaro ba ne, ba na mai ganga ba ne, nawa ne. Na ce in aka kafe shi a bangon mashaya kansa a ƙasa, mashaya giya suna jingina da shi, ni aka kafe. Na ce abin ya yi mini ciwo fiye da yadda zan iya faɗa.

Bai juyo ba. Ya ce, "Eh, da fiya, a sa gishiri kaɗan."

Ya zaci tambayarsa nake me zan shafa masa a burodi. Na tsaya riƙe da bakin tebur, ban san ko in yi kuka ko in jefe shi da fiyar ba. Uwata, Doña Orfelina, tana zaune a kujerarta tana saƙa. Shekararta tamanin da huɗu, tare muke zaune tun rasuwar mahaifina, kuma tana ji sarai don akwai na'urar ji a kunnuwanta duka biyu. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ci gaba da saƙarta.

Washegari na yi masa gwaji. Rediyonmu mai faifai irin na da ne, yana da maɓallin da ake murɗawa a ƙara ko a rage siririn sauti. Na murɗe shi na rage har ƙarshe, na ɗora faifan Ancla Muerta na farko, wanda yake rantsuwa da shi. Abin da ya fito kamar daga ƙarƙashin gado ake kiɗan, farantan sun ɓace ɗungurungum. Nibaldo ya shigo da gudu daga bayan gida da tawul a wuya, ya lumshe ido, ya ɗaga hannuwa yana bugun iska daidai inda kowane faranti yake faɗuwa, bai kuskure ko ɗaya ba.

"Kin ji faranti ko, Tsohuwa?" ya ce mini. "Wannan shi ne kiɗa."

A nan na gane komai. Tsohon faifan ba da kunne yake jinsa ba, daga cikin kansa yake fitowa, lasifika tuna masa wurin kawai take yi. Sabon kuwa babu shi a kansa, sai abin da kunne ya kawo, kunnen kuma ya daina kawo rabin kaya. Haka Waldo, haka Osmán. Shekara da shekaru suna zaune suna yanke wa makaɗa hukunci, sun cika bangon Don Aliro da facin bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Da farko dariya ta kama ni har na shiga kicin na toshe baki. Can kuma ta koma tausayi, don mutumin nan ba abin da yake so a duniya kamar kiɗan nan, ga shi yana zamewa daga hannunsa, shi kuma yana zagin makaɗa.

Na so in kai gwajin nan mashaya in yi musu a gaban kowa, in rama dariyar auduga ta shekara talatin. Har na shirya abin da zan faɗa. Amma na san mijina, in aka kunyata shi a gaban tebur, da haƙori zai farke facin don kawai ya nuna shi ne alƙali. Na faɗa wa uwata haka muna wanke-wanke. Ta ce ita tun bara ta san kurma ne, ta yi shiru ne don tana jin daɗin faɗa masa abin da ta ga dama yana amsawa da na gode Mama.

Ranar Asabar da hantsi ya sa falmaran, ya taje gashi, ya zo ya tsaya a kaina yana neman reza. Na tsaya a gabansa sosai yadda zai ga bakina, na ɗaga murya. Na ce ɗinkina ne, ni na san inda na ƙulle zaren, in ya sa reza yaga jins ɗin zai yi. Zan bi shi mashaya in warware masa da hannuna tsaf, amma da sharaɗi: ya saurari faifan sau ɗaya a gida, yadda uwata za ta nuna masa.

Uwata ta ajiye saƙa. Ta zare na'urorin daga kunnuwanta, ta goge su da gefen rigarta, ta miƙa masa a tafin hannu, 'yan ƙanana masu launin fata kamar ƙwayar wake.

Ya ja da baya kamar an nuna masa kunama. Ya ce shi Nibaldo, da mutuncinsa, da gashinsa, ya sa abin kunnen tsofaffi? Ya ce in Waldo ya ji labari sai dai ya bar garin. Uwata ba ta ji ko ɗaya ba, tunda kunnuwan nata suna hannunta, don haka ta yi magana da ƙarfin da ya sa karen maƙwabta haushi.

"Yaro, ka zo ɗaurin aure da labulena a bayanka ban ce ka biya ba. Yau kawai na roƙe ka abu. Sa. Kuma ka dawo mini da su kafin wasan kwaikwayona na yamma."

Ya dube ni, ya dube ta. Ba a musu da Doña Orfelina, balle lokacin da ba ta jin amsa. Ya zauna, na ɗaga masa gashi na saka masa su, yana ta ƙunƙuni. Da ma na ɗora buta a wuta da gangan. Tana soma fito ya zabura har kujera ta faɗi, ya tambaya me ya lalace. Na ce butar shayi ce, haka take yi kullum tun da muka saye ta. Ya tsaya yana kallonta kamar yau suka fara haɗuwa. Daga nan ya juya taga, don tsuntsayen teku suna ta ihu a kan rufin maƙwabta, ya ce ya zaci sun daina zuwa tudun nan.

Na mayar da maɓallin rediyo daidai, na ɗora sabon faifan, na koma kicin don kada in tsare shi da ido. Amma ina leƙe. Waƙar farko ya yi ta zaune ƙiƙam, hannu a gwiwa. A ta biyu ƙafarsa ta soma motsi ba da izininsa ba. Da aka zo ta huɗu, mai tafiya a hankali, wadda Genaro yake ba da labarin wani tsohon jirgi da aka ɗaure a tasha yana jin ƙarar sababbi suna fita, sai na ga ya sunkuyar da kai gashi ya rufe masa fuska. Ya daɗe haka. Da faifan ya ƙare ya fyace hanci da ƙarfi, ya ce mura ce ke neman kama shi. Ya ce in ɗauko rezar mu tafi, an makara.

Muka gangara tudun. Rezar tana aljihuna, na kuma yi alkawari, in ya ce a cire sai na cire. Shi kuwa yana gaba yana waige-waige, kowane ƙaramin sauti sai ya juya: makullan wata mata, birkin keke, rediyon mai gyaran takalmi.

A mashaya an shirya kamar za a yanka rago. Don Aliro ya ajiye guduma da ƙusa a tsakiyar tebur, har ya share wuri a bango. Mutanen wasu teburan sun juyo da kujerunsu. Waldo ya sa baƙar riga mai dogon hannu don girmama ranar.

Nibaldo ya tsaya a mazauninsa bai cire falmaran ba. Ya yi gyaran murya, ya ɗan firgita da jin ƙarar gyaran muryar tasa, sannan ya ce an ɗage shari'a, an samu sabuwar shaida.

"Wace shaida kuma?" in ji Waldo. "Uwargida ta hana ka abinci ne?"

Osmán ya ce a tarihin teburin nan ba a taɓa ɗage hukunci ba, kuma alƙalin da ya janye maganarsa sai ya sauka. Aka soma hayaniya, wani daga can baya ya ce Nibaldo ya yi laushi. Na ga wuyan mijina ya yi ja. Na san abin da yake aunawa, don hanya mai sauƙi tana nan: ya juya mini baya, in zare reza, ya ci gaba da zama alƙali har ya mutu. Na sa hannu a aljihu na riƙe ta.

Sai ya kama gashinsa da hannu biyu ya ɗage shi sama, ya juya kai hagu da dama don kowa ya gani.

"Na surukata ne," ya ce. "Farantan suna nan. Mu ne ba ma nan."

Waldo ya buɗe baki, na ga dariyar tana tahowa tun daga cikinsa, ta fito kuwa, har da dukan tebur da hawaye. Ya kira shi Kaka, ya tambaye shi ko an haɗa masa da sanda da haƙoran roba. Nibaldo ya tsaya ya shanye, gashi a hannu. Da dariyar ta lafa, Waldo ya share ido, ya dubi ƙusar, ya dubi bangon da facinsa biyu ke kafe a kai. Ya matso da kujera, ya rage murya, ko da yake ragewar Waldo ana jinta a titi.

"Ara mini ɗaya in gwada, mutumina."

Haka aka yi ta yawo da kunnuwan uwata daga hannu zuwa hannu, kowa ya goge da rigarsa ya saka, Don Aliro yana maimaita faifan. In kuna zaton daga nan suka yaba wa Ancla Muerta, ba ku san masoya metal ba. Waldo ya saurara ya ce yanzu kam ya ji farantan, kuma sun yi yawa, mutumin nan ba ya barin su su huta. Osmán ya ce da bai ji kalmomin ba ya fi masa, don waƙa ta shida ashe a kan ciwon gwiwa take, kuma baitin bai daidaita ba. Nibaldo ya ce waƙar jirgin ta fi duk abin da suka yi tun faifai na biyu, Waldo ya ce ƙarya ne, Osmán ya ce su biyun duk ba su san kiɗa ba. Rabon da in ga sun saɓa a kan sabon faifai har na manta, fuskokinsu sai ƙyalli suke kamar yara. Don Aliro ya mayar da gudumarsa ƙarƙashin kanta, yana ta satar kallon bangon nasa.

Ni ban dame su da "ai na faɗa muku" ba. Sau biyu kawai na faɗa.

Da rana ta yi sanyi na tuna da wasan kwaikwayon uwata, na ƙwato na'urar daga kunnen Osmán da ƙyar. Nibaldo ya mayar da su duka biyu kunnensa, ya ce zai riƙe mata su a nan kada su ɓace a hanya. Muka kama matakalar tudu, yana gaba ina baya, angar da na ɗinka tana kallona, zaren ya yi ruwan toka, gefe ɗaya ya soma zarewa.

Yanzu da hankalina ya kwanta, sai fushin da na haɗiye tun Talata ya taso. Na soma yi masa faɗa a bayansa yadda na saba, faɗan da na san ba ya isa ko'ina. Na ce shi wane irin mutum ne da zai tashi a gaban mutane ya yi kyauta da abin da ba shi ya wahala a kai ba. Na ce ranar Litinin ƙafarsa ƙafata sai wurin likitan kunne, ya samu nasa ya bar wa tsohuwa nata. Na ce na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ya amsa mini da fiya da gishiri. Na maimaita masa maganar ranar Talata kaf, ina haki, don matakalar nan ba ta raga wa kowa.

Sai na yi karo da bayansa. Ya tsaya cak a tsakiyar matakala, ya juyo yana kallona.

"Maritza, tun yaushe muryarki ta koma haka?"

Na ce ta koma yaya. Ya ce ta yi kauri, tana da wata 'yar tsaga a ƙasa, ba ita ce wadda ya sani ba. Wadda ya sani siririya ce, irin ta yarinyar da ke tsayawa a bayan fili da rigunan mutane a hannu. Ashe ni ma daga cikin kansa yake saurarona duk shekarun nan.

Kunya ta kama ni, da wani tsoro na wauta, ni da jikoki. Na san yadda mutumin nan yake yi wa sabon abu. Na gyara tsayuwa na ce to, mai shari'a, sai a yanke hukunci, ƙusa tana nan wurin Don Aliro.

Ya girgiza kai. Ya sauko taki ɗaya, ya zare rezar daga aljihuna ya jefa ta cikin kwandon shara na gefen matakala.

"Ba a yanke wa sabon faifai hukunci a ji ɗaya," ya ce. "Sake faɗa mini ta ranar Talatar, daga farko. A hankali."

Daga can sama uwata ta leƙo ta taga tana ƙwala kiran a kawo mata kunnuwanta, an kusa farawa. Muka yi kamar ba mu ji ba, muka zauna a kan matakala, na sake faɗa masa.